Sannan Kuma Me?

A bakin zaurenmu na Ƙofar Sauri
akwai adakar ƙarfe da na gada wurin inna.
Da can zannuwa ke kwana a ciki,
yanzu wuƙaƙe ne goma sha tara,
kowacce da sunan mai ita a jikin tsumma.
Doka ɗaya ce: ka ajiye, ka shiga.
Ran da ka ce in ba ka, zan ba ka,
amma sai mun sha shayi tukuna.

Daren Talata Rabe ya faɗo, babu sallama.
Jini a rigarsa, ba nasa ba,
na ƙanensa Sada ne da aka sara a dantse
kan ƙwallon da ta shiga ko ba ta shiga ba.
Ya ce, "Malam Nalado, buɗe."
Ido garwashi,
murya ta yaron da bai gama girma ba.

Na ɗora buta, na yi ta laluben ashana
alhali tana aljihuna.
"Wa za ka nema?"
"Haro."
"Sannan kuma me?"
"In kwantar da shi."
"Sannan kuma me?"
"Ƙauraye su san ba a taɓa gidanmu."
"Sannan kuma me?"
Ya shuri tabarma, kofi ya kife.
Na ɗauka, na ɗauraye, na sake zubawa.

"Ran Alhamis wa zai goya tsohuwa a babur
zuwa awon hawan jini?"
Shiru. Sauro kaɗai ke ba da amsa.
Ban ɗaga riga na nuna masa tabona ba,
duk unguwa ta san shi,
ta kuma san Mannir na kwance a Ɗantakum
tun daren da ni da shi muka rasa mai dafa mana shayi.

Ya shanye, ya miƙo hannu.
Alkawari kaya ne. Na buɗe.
Ƙarar murfin nan har yau tana cikin haƙorana.
Ya soke ta a ƙugu, lungu ya haɗiye shi.

Na buga wa yayar Haro waya:
ku ja masa ƙofa, ko zai zage ku.
Na kwana zaune.
Duk babur da ya wuce sai in ce labari ya ɗauko.
Aka kira assalatu,
ban ji kururuwa daga Ƙofar Marusa ba.

Da hantsi na shiga babban asibiti.
Gado na kusa da taga, ga Rabe a sunkuye,
wuƙar a hannu,
yana fere wa Sada lemu,
ɓawon na sauka a hankali, bai tsinke ba.
Bai ɗago ba ya ce, "Ba fa yafewa na yi ba."
Na ce, "Na sani. Asabar za mu zauna da su.
Ka zo da fushinka duka, ka bar ƙarfen a ƙofa."
Ya miƙo mini ɓari guda. Tsami gare shi.

Ƙarshen wata takardar ofis ta iso:
matasa nawa aka wayar wa kai? A rubuta adadi.
Biro ya daɗe a sama.
Babu gurbin daren da komai bai faru ba,
babu gurbin ɓawon lemu.
Na rubuta ɗaya, na soke,
na fita sayen sukari, don gwangwani ya yi ƙasa,
adaka kuwa har yau sha takwas ce,
ga Asabar na matsowa.