Lamba Goma

Wata Lahadi a Gujungu
na hangi jakar leda tana ƙyalli:
sifana goma sha biyu a jere,
farare tas kamar haƙoran yaro.
Mai su ya yi ta rantsuwa,
ni kuma araha ta rufe min ido.
Na ƙirga masa kuɗin rabin buhun tattasai,
na ɗaure su a kariya ina fito.

Kwana tara suka yi.
Sarƙa ta saki a hanyar fadama,
na durƙusa cikin rairayi,
na ɗora sha bakwai a kan noti,
na danna da ƙarfin tuwon safe.
Sifana ta buɗe baki kamar mai hamma,
noti ya koma sumul kamar ƙodagon goruba,
fatar yatsuna ta zauna jikin ƙarfe.
Haka na tura babur har Taura,
tumatir ya zama miya tun a kwando.

Lahadin da ta zagayo
na wuce masu ƙyalli,
na tsuguna gaban Baba Nomau,
can bayan layin maƙera,
inda ya baje tsofaffin ƙarafa kan buhu.
Ya ga ina jujjuya su ina yatsina,
ya ce, "Daina kallon fuska, ba aurensu za ka yi ba.
Ɗauka ka ji nauyi.
Sake ta kan dutse."
Na saki ɗaya, ta ce ƙwas, ta yi shiru.
Na saki wata baƙa mai tabo,
ta yi ƙara, ƙarar ta daɗe a kunnena.
Ya ce, "Ina notinka?
Mai zuwa sayen takalmi
ba ya barin ƙafa a gida."
Ya lalubo wani a aljihu, ya gwada,
bakinta ya kama shi cif, ba rawa.

Ban kwashi da yawa ba:
goma da sha biyu, sha huɗu da sha bakwai,
filaya mai ɗaurin roba a hannu,
sukundireba mai kai biyu,
da ɗan bututun kwance fulogi.
Famfo na ce sai kaka.

Yanzu kowace safiyar Juma'a
gindin darbejiya ne garejina.
Ladiyo ke riƙe da tsumman baƙin mai.
In na ce sha huɗu, ta miƙo sha huɗu;
a jikin ƙarfe ta koyi lambobi
tun ba a rubuta ta aji ɗaya ba.
Farare goma sha ɗayan nan kuwa,
uwarta ta danne murfin akurki da su.

Saura abu guda da Baba Nomau bai faɗa ba:
ƙarfe na ƙwarai ƙafa gare shi.
Tsalha ya ari lamba goma tun shuka,
ga shi har an yanke gero.
Kullum sai ya gaishe ni da fara'a,
ni ma in amsa,
ina kallon aljihunsa.