Irin da Ya Ƙi Marwa

Likita Hamajoda ya dawo daga taro
da ƙulli a aljihun kwat.
Ya same ni bakin Mayo Kaliyawo
inda nake jera ledojin dashe,
ya zazzage mini a tafi:
ƙwaya bakwai, kowace da fiffike ɗaya,
kamar shingen da yara suka fige.

Ya ce, "Tanimu, safen ke nan.
Shi Turawa ke sarewa su kai falo,
su rataya masa fitilu ran Kirsimeti,
amma ba ɗan garinsu ba ne.
Cibiyarsa na binne a duwatsun Kafkas,
gabas da Bahar Aswad,
inda ƙanƙara ke kwana kan reshe wata da watanni.
Can samari ke hawa har ƙololuwa,
tsawon da ya shige hasumiyar masallaci,
su tsinko 'ya'yan, a ɗura a buhu,
a kai wa masu gona wata ƙasa."

Na ce to.
Ni da na raini mangwaro tun yana ƙwallo,
na yaye gwaiba, na aurar da lemo,
wane iri ne zai gagare ni?

Ashe ba ya tsira sai an yi masa ƙaryar sanyi.
Na roƙi Uwani kusurwar firjinta,
ya yi mako shida cikin ƙullin zoɓo,
tana mita, ana ɗauke wuta,
ina yi wa firji fifita kamar mai jinya.

Biyu suka fito.
Sirara, kore shar, kai kamar tsintsiyar 'yar tsana.
Na kafa musu rumfar zana,
na shayar da su ruwan randa,
wanda ni kaina ban sha ba sai sun sha.
Maƙwabta suka sa musu suna 'ya'yan Likita.

Sai bazara ta sauko daga dutse.
Mayo ya koma rairayi,
mata na tonon ruwa da ƙoƙo.
Na fari ya tafi ran wata Talata,
bai ko yi yaushi ba, ja kawai ya yi.
Na biyu ya jure kwana goma sha tara,
kullum da asuba ina duba shi kafin alwala.

Ran da ya bi ɗan'uwansa
na zauna gindin darbejiya, ban ce komai ba.
Ta jefo mini ɗa a ka,
ɗaya cikin dubun da take zubarwa
ba wanda ya roƙe ta.
Ita ma fa baƙuwa ce,
daga Indiya aka ce an kawo kakarta,
yau ga ta ta tare titin Marwa hagu da dama,
mai faci na ƙarƙashinta, mai shayi na ƙarƙashinta,
ba jandarman da ya taɓa tambayar ta takarda.

Kakana Na-Allah ma da jakai ya zo daga Zazzau,
ya ce kwana uku zai yi.
Kabarinsa na nan bayan Domayo.
'Ya'yana da Fillanci suke mafarki,
ni kuwa ban san ko wace ƙofa ce tamu a Zariya ba.

Da Likita ya leƙo, ya ga leda wayam,
ya yi shiru, ya ce, "Zafin ne."
Na ce, "Ko kewa."
Ya sayi darbejiya uku don ƙofar asibiti,
ya nemi ragi, na rage.

Gawar na biyun tana cikin littafin bashi,
tsakanin shafin Maris da na Afrilu.
In na buɗe zan rubuta sunan wani,
ƙamshin ƙaro kan taso kaɗan,
na wani dutse da ban taɓa hawa ba.