Wadda Ke Jin Raɗa

Jika tamanin na ƙulle a bakin zane,
kuɗin adashe da na jar akuyar da na sayar ran Juma'a.
Ɗan kabu-kabu ya sauke ni bakin babbar kasuwar Maraɗi,
na faɗa shagon Rabe ina sharce zufa,
na ce kyamara nake so, mai ɗaukar motsi da magana.

Ya jera mini uku a kan gilashi.
Ya ɗago ta fari da hannu biyu kamar jinjira:
"Wannan, Malama Tsahara, daga nan inda kike tsaye
sai ta jawo miki ƙudan da ke kan tozon raƙumi a Tibiri."
Na ce ba ni da shari'a da ƙudan Tibiri,
abin da zan ɗauka taku uku ne daga inda zan zauna.

"Biki ne?" A'a.
"Suna?" A'a.
"To, kokowa?"
Na ce tsoho ne a kan tabarma,
Nomau mai haƙar rijiya, wanda ya haife ni.
Shekara arba'in yana shiga ƙasa da igiya a ƙugu,
daga Jiratawa har Madarunfa ana sha daga hannunsa.
Yanzu muryarsa ta koma can ƙasa inda ya saba,
sai ka sunkuya kamar mai leƙen guga kafin ka ji.
Kuma ba ya magana da rana.
Sai bayan lisha, in wuta ta tafi,
yake ƙirga rijiyoyinsa ɗaya-ɗaya:
wannan gaba goma sha biyu, waccan ta ci mini farce,
waccan kuwa ta rufta da Ɗanjimo ina riƙe da igiyarsa.

Ta biyu ƙarama ce, ba ta kai nauyin curin sabulu ba.
Na so ta, ba zan ɓoye ba.
Na tambayi batir, ya ce minti arba'in.
Minti arba'in!
Baba bai gama gyaran murya da neman goronsa ba.

Ta ukun 'yar hannu ce, an sha jiki da ita,
ga tabo a gefe, an ɗaure murfin kati da roba.
Rabe ma bai yabe ta ba,
ya dai ture ta da yatsa ya kau da ido.

Na ce, jawo ƙofa, kashe ƙwan nan,
kunna su duka, ka koma can bayan kwalaye
ka faɗi abin da ka ga dama, ƙasa-ƙasa.
Ya dube ni kamar wadda rana ta taɓa,
amma mai neman ciniki ba ya musu.

Muka buɗe, muka saurara.
Ta fari ta kawo duhu mai tsada da kukan fanka.
Ta biyu ta kawo hon ɗin mota daga titi.
Ta ukun ta kawo inuwar mutum, dishi-dishi,
da raɗa tsaf kamar a cikin kunnena:
"Allah ka sa matar nan ta ɗauki mai tsadar."

Ya rufe fuska da hula.
Jika sittin da biyar, ya ƙara mini batir na biyu
kuɗin kunya.

Da dare na kifa turmi na ɗora ta,
na jingina tocila jikin bango.
Baba ya matso da gindi, ya sunkuya,
ya daɗe yana leƙen baƙin idonta.
Ya ce, "Wannan gaba nawa ce?"
Na ce ban sani ba, Baba,
jefa magana mu ji inda za ta tsaya.

Ya tofar da goro.
Jar ɗigon ta kama.
Ya ce, "Ta farko a Soura ce, shekarar da gulbi ya ƙi zuwa."