Littafin Mai Zuba Alli

A ƙasan akwatin kwano, ƙarƙashin haramin da bai ƙara ɗaurawa ba,
na tsinci littafin kakana Gwadabe.
Bangon ya sha maiƙo, yana ƙamshin lubban da kananzir.
Na zaci lissafin bashi ne.
Ashe sunayen 'ya'yan baƙi ne cikin ajami,
an yi musu wasali sama da ƙasa
yadda bakin Bahaushe zai iya ɗauka.

Shekara ashirin da shida yana zuba farin alli
a filin besbol na ma'aikatan mai a Zahran,
yana jan tiyo tun asuba, kafin rairayi ya fara cizo,
yana kakkaɓe matasai uku da farantin gida.
Ba wanda ya ce masa ya rubuta komai.

Shafi na huɗu: Bili Mai Jan Kai
ya maka wa ƙwallo kulki, ta haye waya,
ta faɗa butar shayin mai gadi.
Taki ɗari da sha ɗaya, da sawunsa ya auna,
ya ja layi biyu ƙarƙashin lambar.
Shafi na tara: wata Suzan da aka ce ta zauna a benci
ta fitar da maza bakwai a jere.
A gefe ya sa: "Bahaguwa ce. Allah ya yi mata albarka."
Sai Rajan, ɗan akawu, siriri kamar tsinke,
sau goma sha huɗu yana satar matashi a zango ɗaya.
Kakana bai yarda a kira ɗan mutane ɓarawo ba.
Ya rubuta: "ya ara."

Na tuna dare a gidanmu na Dammam, bayan lisha,
ya tara mu, dabino a tafin hannu:
"Wa ya fasa gilashin motar likita ran Alhamis?
Wa ya zame a gida har wandonsa ya tsage?"
Mu kuwa idonmu na kan ƙwallon ƙafa a talabijin.
Sai ya ba kansa amsa,
ya cinye dabinonsa.

Sau ɗaya ya yi mini bayanin wasan.
Ya ce ka bar gida da gudu,
ka taka wuri uku,
ba a rubuta maka komai sai ka dawo inda ka tashi.

Yana ɗan shekara tara ya bar Kafin Hausa
a bayan jakin ubansa.
Fallomi. Ubayyid. Sawakin.
Ni ce na ƙirga su uku yanzu, da yatsa a kan tabarma,
shi ban taɓa jin ya ƙirga ba.
Teku ya haye, ya binne uban a Jidda,
ya bi motar aiki zuwa gabas, nan ya tsufa.

Ina yaran suke? Wataƙila Bili ya yi furfura,
bai san akwai takinsa a akwatinmu ba.

Shafin ƙarshe, tawadar ta koɗe.
Ranar ba su cika tara ba, suka miƙa masa kulki.
"Gwadabe, mai alli.
Jifa uku, kuskure uku.
Rana ce ta shiga idona."