Fensir a Ƙarshen Zare

Alhamis ce a Bradford, ana yayyafi tun asuba.
Na sauko daga aikin dare
da ƙamshin sabulun gidan tsofaffi a hannuna.
Takardu huɗu sun faɗo ta ramin ƙofa,
ja, shuɗi, kore, ruwan ɗorawa,
kowace fuska da murmushin mai neman rance.
Na tsallake su na ɗora shayi,
ban tsinci ko ɗaya ba.

Masu ja sun ce asibiti zai warke.
Wata goma sha huɗu gwiwata na bin layi,
har ta saba, ta daina ƙorafi sai a kan matakala.
Masu shuɗi sun ce za a rage haraji.
Na buɗe takardar albashi ina laluben abin ragewa
kamar mai neman tsoka a romon ƙarshen biki,
ban samu ba.

Akwai masu cewa jirgi ya cika, a rufe gaɓa.
Tsoho Mista Ackroyd nasu ne.
Ni ke tashinsa daga gado, ni ke goge masa haɓa,
ya riƙe wuyan hannuna ya ce,
"Ba ke nake nufi ba, Sahura."
Na gyara masa matashi, na ja labule.
Wa yake nufi, ban tambaya ba.

Zuwaira, shekara sha tara, ƙuri'ar fari,
ta ce, "Umma, kore. Duniya zazzaɓi take yi."
Na ce na sani,
tafkin garinmu ya ƙafe tun ba a haife ki ba,
amma ga mitar wuta a bayan ƙofa
tana lashe fam goma kamar akuya ta samu dusa.
Ta ce ai maganar ɗaya ce.
Wataƙila. Ban musa ba.

Ɗanlami mai tasi ya ce duk kanwar ja ce.
Ya ce wanda ya yi gum
ranar da ake tono yara daga ƙarƙashin gini a wata ƙasa,
ko ya zo da rawani, ba zai ga ƙuri'arsa ba.

A gida na taɓa tsayawa tun hantsi, rana a ƙeya.
An raba atamfa, an raba taliya,
tawada ta kwana uku a babban yatsana,
akwatin kuwa ya yi ƙafa kafin magariba.
Can ina da wanda zan zarga.
Nan babu mai miƙo mini ko dunƙulen magi,
babu mai gora a bakin hanya,
sai ni da kaina,
kuma wannan kayan ba a yi masa gammo ba.

Ɗakin taron makarantar yara.
Zanen kifi da kada a bango, kujeru iya gwiwa.
Wata mata ta dubi hotona, ta dube ni,
ta karanta sunana a karkace, ta ja masa layi.
A lungu, fensir ne ɗaure da zare
kamar ɗan akuya a turke.
Na yi dariya ni kaɗai:
ƙasar da ake tsoron satar fensir,
ba a tsoron satar akwati.

Suna bakwai. Na bi su da yatsa.
Gwiwata ta zaɓi ɗaya,
mitar wuta ta zaɓi wani,
tafkin da ya ƙafe ya ɗaga hannu,
yaran can ma sun ɗaga, da ƙura a gashinsu.
Gida ɗaya aka ba ni na cike,
ɗan murabba'i, ko ƙwayar gyaɗa ba zai ɗauka ba.

Wani ya yi tari a bayana.
Na yi bisimilla, na gitta layi biyu,
na ninke, na tura ta bakin akwati.

A waje Zuwaira na jira da lema.
"Wa kika ba?"
Na ce riƙe ta sosai, kafaɗata na jiƙa.
Muka gangara tashar bas,
hannuna ya riga ya yanke,
zuciyata kuwa tana can a ƙarshen zare,
har yanzu ba ta fito ba.