Lissafin Ruwa

Da rana ina Bakolori, takalmin roba cikin laka,
ina ɗibar ƙasa a kwalba, ina auna gishirinta.
Da dare, in an ɗauke wuta a Talata Mafara,
sai in jawo fitila, in tafi shekara ɗari uku gaba.

Lauwali ƙanena ya karanta babi biyu ya ajiye.
"Yaya, ina motoci masu tashi?
Ina mutanen ƙarfe, ina yaƙin taurari?"

Wallahi na gwada.
Na ƙera jirgi, na loda mutum dubu huɗu,
na doshi wata duniya da su, can gaba da Zara.
A shafi na tara alƙalami ya tirje:
wa zai ba su ruwa?
Lita nawa na sha, nawa na alwala,
nawa na shinkafar da zan dasa musu a ɗakin ƙasa?
Na kwana ina lissafi a bayan takardar albashi.
Aka kira asuba jirgin bai ɗaga ba,
nauyinsa ya fi ƙarfin ƙaryata.

Abin da aikin nan ya yi mini ke nan.
Wadda ta ga gona ta yi fari fat da kanwa
don an yi ta ba ta ruwa babu mafita,
ba ta iya zana birnin gobe
ta manta da magudana.

Sai na sauke su duka,
na bar su nan bakin gulbi.
Jarumata Kuluwa ba ta da bindigar haske.
Ma'auni ne a aljihunta, da irin gero
wanda kakanninta suka yi shekara tamanin
suna koya masa haƙuri da ƙishi.
Rigimar littafin kaf a kan rijiya ɗaya take,
da wanda ya sauya lamba a rajista.

Lauwali ya ce wannan ba gobe ba ce,
jiya ce ta sake zane.
Ƙila.
Amma a ɗakin gwaji aka koya mini
in rubuta "ban sani ba tukuna"
in sa hannu a ƙasa, ba kunya.

Babin ƙarshe har yau farar takarda ne.
Sakamakon kwalaben Laraba bai fito ba.
In ya fito zan san
ko jikokin Kuluwa za su kwana da tuwo.