Layi Bakwai na Bulo

Bayan sadakar arba'in ɗin Malam Babba
suka zo da igiya da takarda,
suka auna gidanmu na Rafin Daɗi
kamar mai yadi na auna shadda.
Ni ce ma na riƙe bakin igiyar.
Na zaci wasa ne.

Magini ya zo ran Talata.
Kafin Juma'a tsakar gida ta zama biyu.
Rijiya ta faɗo ɓangarenmu,
bishiyar gwaiba ta bi su Baffa Lado,
turmi kuwa aka yi ta cacar baki a kansa
har Iya Tabawa ta sa aka kai shi ɗakinta,
ta kife shi, ta ɗora fitila.

Ba wanda ya yi wa akuyarmu bayani.
Har yau da la'asar
takan tsaya inda hanya take a da,
ta dubi bulo, ta dube ni.

Lawisa tana can.
Tare aka yaye mu, tare aka huda mana kunne,
ƙyanda ma tare muka yi ta, a tabarma ɗaya.
Yanzu in zan gan ta
sai na fita, na zaga ta lungun mai gawayi,
na yi sallama kamar baƙuwa.
Baba ya ce kar in zaga.
Baffa ya ce kar ta zago.
Masallacinsu ɗaya,
wani lokacin ma sahunsu ɗaya,
amma da an sallame
kowa ya laluɓi takalminsa da sauri.

Kuɗin bulo ya ƙare a layi na bakwai.
Na manna bayana a jiki,
na ja gawayi bisa kaina:
biyar da rabi.

A aji Malama ta ce kowa ya rubuta burinsa.
Mannir ya ce likita.
Zinatu ta ce jirgin Makka.
Ni na rubuta: ina so in yi tsawo.
Ta ba ni huɗu cikin goma,
ta sa jan biro: ƙara bayani.
Ina zan samu bayanin?
Takardar ba ta kai girman katanga ba.

Na dinga cinye tuwona har da ƙanzo.
Na yi ta reto a ƙofar ɗaki
har Inna ta ce zan karya mata ita.

A ƙasan katangar akwai rariya.
Ta nan ƙuli-ƙuli ke wucewa,
da amsar lissafi,
da haƙorin Lawisa da ya fita, a ƙunshe cikin leda,
don in gani in yarda.

Wata asuba fitsari ya tashe ni,
makon da mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka.
Na ga Inna a kan kujerar tsuguno
tana ɗaga bokiti cike sama da kanta.
Hannaye biyu masu lalle suka karɓa daga can.
Ba wadda ta ce uffan.
Ta juyo ta gan ni.
Ta sa yatsa a leɓe, na sa nawa.
Ina jin a daren nan na ƙara girma,
sai dai gawayi bai nuna ba.

Reshen gwaibar ya riga ni haurowa.
Bai yi sallama ba, bai zaga lungu ba.
Jiya ɗaya ta faɗo kan tabarmar Baba.
Ya ɗauka, ya goge da hannun riga,
ya ce: shekarar da aka haifi Lado aka dasa ta,
ni nake ba ta ruwa da buta.
Bai ci ba. Bai yar ba.
Ya sa ta a aljihu ya tafi kasuwa.

Yau na sake aunawa.
Shida, saura yatsa biyu.
Na buga katangar sau uku.
Can ma aka buga sau uku,
aka ƙara ɗaya.